Kwana Huɗu A Teku Tare Da Magaji

Ni dai ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kumasi, kuma a nan aka haife ni. Fataucin goro ne ya kawo mahaifina daga ƙasar Kano, ya yi aure a zango ya zauna har Allah ya karɓi abinsa. Teku kam na sha gani, domin shekara da shekaru ina zuwa Tema da Lome fitar da kaya. Amma ganin nesa ne, daga bayan shinge. Ko kwalekwale ban taɓa sa ƙafa a ciki ba sai da na kai shekara 63, kuma a ƙasar Amurka abin ya same ni.

Magaji shi ne ɗana na fari. Ba sunansa na yanka ba ke nan. Kun dai san al'adarmu, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya kuma jansa a jiki a gaban mutane. Kakarsa ce ta laƙaba masa Magaji, ni kuwa na ɗauki sunan da gaske. Tun yana ɗan shekara goma yake zama a shago bayan an tashi makaranta. Da taɓawa kawai yakan bambance atamfar Holan ta gaske da ta kwaikwayo. Na riga na gama lissafi a raina cewa shi zai riƙe shagon. Sai ya zaɓi karatun jinya, daga baya kuma ya samu hanyar tafiya Amurka. Ranar da ya zo yi mini sallama na faɗa masa maganar da ba ta dace ba. Na ce in ya tafi, kada ya sa ran ko allura daga shagon nan. Ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya tafi.

Shekara bakwai muka yi a haka. Ranar Sallah ya kira, mu gaisa na minti ɗaya, in miƙa wa mahaifiyarsa waya. Sai bara matarsa ta haifi namiji, ya sa masa sunana. Hajiya ta kafe sai mun je, Allah kuma ya sa aka ba mu biza. Na tafi da magana a cikina. Gwiwa ta fara ba ni matsala, ido ya rage, shago na bukatar mai tsayawa. Niyyata in ba shi wa'adin shekara ɗaya ya tattara ya dawo gida.

A San Diego yake zaune, birnin da ke can ƙarshen kudancin jihar Kalifoniya, a bakin iyakar Meziko, a gaɓar tekun Fasifik. Mun yi mako biyu da sauka, ina ta neman bakin zaren maganata, sai ya ce: "Baba, na kama mana wuri a jirgin kamun kifi. Kwana huɗu za mu yi a teku." Na tambayi kuɗin. Da ya faɗa, na juya shi zuwa sidi a kaina, na ce: "Kai, kifin zinariya za mu kamo?" Wallahi kuɗin ya isa jarin mai ƙaramin tebur a Kejetiya. Na so in ce a fasa. Da dare Hajiya ta ce mini: "Alhaji, yaron nan wata da watanni yana karɓar ƙarin aikin dare saboda tafiyar nan. Matarsa ce ta faɗa mini. Don Allah ka bi shi." To, na bi shi.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayani, domin wannan su ɗin ya sha bamban da wanda muka sani. A da San Diego cibiyar kifin tuna ce, irin wanda muke saya a gwangwani. Baƙi ne suka raya sana'ar, mutanen Fotugal da Italiya da Japan. Daga baya masana'antun suka rufe, sai aka bar jiragen da ke ɗaukar masu fatsa don sha'awa. Wani jirgin rabin yini yake yi, wani kuma ya haura mako biyu a ruwa. Masu nisan zango kudu suke nausawa, su shiga ruwan Meziko, shi ya sa dole ka riƙe fasfo da lasisin kamun kifi na ƙasar. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne doka ta hana sayar da kifin da ka kama ta wannan hanya. Ka ci ko ka bayar. Na ce ikon Allah, ga fataucin da aka haramta masa riba tun daga gida.

Da hantsi muka shiga jirgi, a watan Satumba. Tsawonsa zai kai mita 30, mu masu fatsa 24, ban da kyaftin da yaran jirgi da mai dafa abinci. Kowa aka ba shi lamba, tawa 17, ta Magaji 18. Makwancin a ƙasa yake, gadaje hawa-hawa kamar kantar jera atamfa, in ka ɗaga kai da ƙarfi ka gwabru. Kafin mu fita mashigin teku muka tsaya a wani dandali da ke kan ruwa inda ake ajiye kifin sadin mai rai. Aka yi ta kwasowa ana zubawa a manyan tankuna a bayan jirgi, shi ne abincin ƙugiya. Ga kwasakwasa sun yi layi suna jiran wanda zai faɗo, ga wata dabba mai gashin baki da suke kira zakin teku tana ta haushi kamar kare. Kyaftin ya tara mu ya nuna inda rigunan ceto suke. Sannan aka zagayo da wata takarda, kowa ya zuba kuɗi, wanda kifinsa ya fi nauyi ya kwashe duka. Magaji ya dube ni, na dube shi. Ya ce musu mu ban da mu. Babu wanda ya ce uffan.

Tun a gida ya miƙo mini ƙwayar maganin jiri, ya ce tun daren tafiya ake fara sha. Na ƙi. Na ce ni da na yi shekara talatin ina hawa bayan lori daga Kumasi zuwa Bawku, wane jiri kuma? Ai kuwa muna wuce tsaunin Point Loma, ruwa ya canza. Jirgin ya ɗaga, ya sauka, ya karkata, ya sake ɗagawa. Kafin la'asar na amayar da abin da na ci da wanda ban ci ba. Na nemi maganin a lokacin, amma ba a fafe gora ranar tafiya, ina haɗiyewa yana dawowa.

Na rarrafa na kwanta a gadona ina salati, ina cewa yau ƙarshena ya zo a ƙasar mutane. Magaji ya zo ya ce: "Baba, tashi, nan ne ya fi muni." Ya riƙo ni ya fito da ni sarari, ya zaunar da ni a tsakiyar jirgi inda girgiza ta fi sauƙi, ya ce in kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Ya yi mini bayani cewa a cikin kunne akwai abin da ke auna motsin jiki. In kana cikin ɗaki, kunne na cewa ana tafiya, ido na cewa a tsaye ake, to wannan saɓanin ne ke tayar da zuciya. Ya ba ni ɗanyar citta in tauna, da busasshen biskit, da ruwa kurɓi-kurɓi. Da na ɓata rigata, shi ya cire mini, ya wanke, ya goge mini fuska da gemu. Ina kallon hannuwansa. Babu ƙyama, babu gaggawa, kowane motsi ya san inda ya dosa. Wannan shi ne aikin da na taɓa kira wankin majinyata a gaban abokaina a kasuwa.

Da magariba na nemi gabas. Ya fito da wayarsa, ya nuna mini wajen arewa, da ɗan karkata zuwa gabas. Na ce wasa yake yi. Ya ce a wannan sashe na duniya can alƙibla take. Duk rayuwata inda rana ke fitowa nake fuskanta, yau ga ni ina kallon arewa, jirgi kuma na juyawa da ni. A zaune na yi sallar, shi ya ja mu domin muryata ba ta fita.

Jirgin ya kwana yana tafiya. Da asuba na farka na ji cikina ya lafa. Na fito, na duba gabas da yamma, kudu da arewa, babu ƙasa, babu tsuntsu, babu sabis a waya. Ruwan ya koma shuɗi kamar an zuba baba a marina. Gani ya kori ji. A nan na tuna rabona da yini guda ba tare da wani ya kira ni a kan bashi ko farashi ba tun ina saurayi.

Wajen ƙarfe tara kyaftin ya hango wata ciyawar teku da ta tsinke tana yawo a kan ruwa, faɗinta kamar tabarma huɗu. Ƙananan kifaye kan fake a ƙarƙashinta, manya kuma su biyo su. Jirgi ya tsaya, wani yaron jirgi ya hau kan tanki yana watsa sadin cikin ruwa don ya jawo su. Magaji ya koya mini yadda ake yi. Ka zaɓi sadin mai kuzari, kada ka matse shi, ka soka ƙugiya a hancinsa, ka jefa, ka sakar masa zare ya yi iyo. Duk inda ya nufa ka bi shi a gefen jirgi, ka bi ta saman sandar wani ko ta ƙarƙashinta, in ba haka ba zarurruka su sarƙe. A jikin sandar akwai abin naɗe zare, kamar kwarkwaron keken ɗinki amma babba, kuma yana da birki.

Ban yi minti biyar ba na ji zare na gudu daga hannuna. Na kama birki kamar yadda aka ce, sanda ta lanƙwashe. Amma zaren bai daina fita ba, yana ta ƙara. Na ce a raina wannan birkin ya lalace. Na ƙara ɗaure shi, na kuma danna babban yatsa a kan kwarkwaron. Sai ji na yi tas! Zare ya tsinke, yatsana ya ƙone. Wani yaron jirgi ɗan asalin Meziko, bai fi sa'an autata ba, ya zo ya karɓi sandar yana girgiza kai. Ya ce da gangan ake saita birkin ya riƙa saki tun ja bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren ba. Kifin ya ja, birki ya gajiyar da shi, in ya tsaya kai kuma ka naɗe. Na ce na ji. Kifi na biyu ya kama, hannuna ya sake kai kansa kan kwarkwaro, ya sake tsinkewa. Halin shekara sittin ba ya fita a safiya ɗaya. Kunya ta kama ni, ga mata biyu a jirgin kowace ta fitar da nata. Magaji bai yi dariya ba. Ya naɗe mini yatsan da filasta, ya ɗaura sabuwar ƙugiya.

Sai bayan azahar na fitar da na farko, wani kifi mai faɗin goshi da suke kira dorado. A cikin ruwa kore ne da ruwan zinariya da ɗigon shuɗi, ban taɓa ganin atamfar da ta kai shi ba. Yana mutuwa launin ya dushe a gaban idona. Dokar Meziko biyu kacal ta yarda mutum ya ɗauka a rana. Aka zubar masa da jini, aka maƙala masa lamba 17, aka jefa shi rumbun ruwan sanyi da ke ƙarƙashin jirgi.

Abinci kuwa, Magaji ya riga ya gaya wa mai dafuwa ba ma cin alade, mutumin ya ware mana kasko. Da dare aka kawo tuna ɗanye an yanka shi siri-siri. Na ce ni dai a gasa mini nawa. Na fito da ƙullin yajin da Hajiya ta cusa mini a jaka, kafin a tashi daga tebur rabin jirgi sun barbaɗa, wani dattijo Bature yana hawaye yana neman ƙari. Wannan dattijon ne ya ba ni labarin tuna mai shuɗin baya, babban kifin da kowa ya zo nema. A ruwan da ke kusa da Japan ake ƙyanƙyashe shi. Yana ƙarami wani ya keto tekun Fasifik, tafiyar fiye da kilomita 8,000, ya zo gaɓar Kalifoniya da Meziko ya yi shekaru yana kiwo, in ya girma ya koma can ya hayayyafa. Jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, kuma ba ya tsayawa, domin sai yana iyo yake samun numfashi. Na ce ashe kifi ma yana zuwa cirani. Na ƙara da cewa, ina satar kallon Magaji, shi dai kifin yana komawa gida. Ya ji, bai tanka ba.

Rana ta uku, gari bai gama wayewa ba, kyaftin ya yi magana a lasifika cewa na'urarsa ta ga garke a ƙarƙashinmu. Aka ba ni sanda mai kauri. Sadin ɗina ya yi nisa, sai na ji an fizga kamar an ɗaura zaren a bayan babur. Wannan karon na maƙale babban yatsana a jikin sanda. Zare na fita, kwarkwaro na ragewa, zuciyata na cewa danna. Magaji ya zo bayana ya riƙe ni ta ɗamara, bakinsa a kunnena: "Baba, bar shi ya ja. Kada ka taɓa. Yanzu naɗe. Naɗe, naɗe! Tsaya." Muka zagaya jirgin sau biyu, mutane na ɗaga sandunansu muna wucewa. Daga baya kifin ya nutse ƙasa yana kewaya, in na samu kamu ɗaya ya ƙwace biyu. Na ɗora sandar a kan ƙarfen gefen jirgi kamar yadda aka nuna mini, gumi har cikin ido.

Na yi kusan minti 50. Hannuwa suka mutu, gwiwar nan ta fara rawa. Na san in na ci gaba da taurin kai, ko dai in saki sandar mutane cikin teku, ko in bi ta. Na ce: "Magaji, karɓi." Rabon da in kira shi da bakina haka, ko da wannan sunan, na manta. Ya karɓa, na zube a kan wani akwati ina haki ina kallonsa. Cikin minti goma sha biyar aka hango farin cikin kifin yana walƙiya a ƙasa. Yara biyu suka sa manyan ƙugiyoyi masu doguwar ƙota suka ɗago shi. Da aka auna a tudu daga baya, kilo 41 ne. Yaron jirgi ya tambayi lambar da zai maƙala. Magaji ya ce 17, na ce 18. Muka yi ta ja har yaron ya gaji ya maƙala duka biyun.

A daren muna zaune a bayan jirgi mu biyu, an juya an kama hanyar gida. Ga lokacin da na yi wata uku ina jira. Na buɗe baki in kawo maganar wa'adi, sai na ji kaina ina tambayarsa yadda aikinsa yake. Ya ba ni labarin tsofaffin da ke mutuwa a hannunsa ba ɗa ba jika a kusa, da yadda duk sanda ya juya wani dattijo a gado yakan tuna da ni. Sannan ya ce: "Baba, ni ba gudunka na yi ba. Kaka ma ai barin Kano ya yi." Na yi shiru. Na tuna wasiƙun ajami da yayan mahaifina ya riƙa aikowa, yana cewa ya dawo ga gona ga gida. Mahaifina yakan karanta, ya ninke, ya sa a ƙarƙashin buzu. Bai koma ba, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba, domin zamansa ne ya zama ni.

Na ce to shagon fa? Ya ce: "Shago ai yana da mai shi. Shekara nawa ƙanwata tana riƙe maka littafi? Wa ke sayar da rabin kayanka ta WhatsApp? Kai ne dai ba ka duba wajenta ba." Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Ina can ina jiran wanda ya tafi, wadda ke zaune a gabana kullum ina ce mata yarinya. Muka daɗe ba mai magana. Can na ce: "Maganar allurar nan, na janye ta. Ka yafe mini." Ya kama hannuna mai filasta ya riƙe. Duhu ya rufa mana asiri mu duka biyu.

Ba zan ce muku komai ya warware ba. Magaji ba zai dawo ba, aƙalla ba yanzu ba. Takwarana zai tashi a inda babu zango, babu makarantar allo a ƙofar gida, Hausarsa sai abin da iyayensa suka dage suka ba shi. Wannan yana ci mini rai har gobe, kuma na faɗa wa ubansa haka ƙarara. Na san da yawa daga masu karanta wannan mujalla suna da nasu Magajin a wata ƙasa, kamar yadda mu ma muke Magajin wasu da muka baro.

Da muka sauka, akwai masu sana'ar yanka kifi suna jira a bakin tasha. Suka yanka namu suka ɗaure a leda. Muka ba yaran jirgi tukuicinsu, domin al'adar wurin ce, kuma sun ci guminsu. Kifin ya fi ƙarfin firjin gidan, ranar Juma'a muka kai sauran wani masallaci a unguwar City Heights, inda 'yan Somaliya suke da yawa, aka raba.

Da na dawo Kumasi na kai 'yata banki aka sa hannunta a asusun shago, na ba ta makullin sito. 'Yan kasuwa sun yi surutu na mako biyu suka gaji. Yanzu da safe nake zuwa in zauna in gaisa da mutane, in ta yanke farashin da bai yi mini ba in cije, wani lokacin kuma in kasa cijewa mu yi ta musu.

Magaji yana kira duk Lahadi, sai Hajiya ta yi ta miƙo hannu kafin in ba ta wayar. Makon jiya ya tambaye ni ko zan sake shiga jirgi in Allah ya kai mu baɗi. Na ce da sharaɗi biyu. Zan sha maganin tun daren tafiya, kuma ni zan biya rabin kuɗin. Ya ce sai dai in nemi izini wajen mai shago.